Fashin Baƙi: Me Ke Sa Kocin Ƙwallon Kwando Ya Bar Ƙungiyarsa Ya Koma Wata?

A gasar NBA ta Amurka kujerar babban koci 30 ce kacal, ɗaya ga kowace ƙungiya, kuma da wuya kaka ta ƙare ba a ga wasu daga cikinsu sun sauya mazauna ba. Daga tsakiyar Afrilu, lokacin da ake kammala wasanni 82 na kaka, zuwa ƙarshen Yuni, sanarwa ce ke bin sanarwa: wane ya yi murabus, an sallami wane, wane kuma sun raba gari da ƙungiya bisa fahimtar juna. Bayan 'yan makonni sai ga shi a wani birni gaban 'yan jarida, yana yabon sababbin iyayen gidansa. Mai kallo daga nesa zai ce kuɗi ne ya ja shi. Kuɗi na ciki, amma ba shi ne kan gaba ba. Abin da ya fi tayar da koci daga kujera tambayoyi biyu ne da yake yi wa kansa: shekara nawa ta rage kafin a gaji da ni a nan, kuma wa ke zaɓo 'yan wasan da za a auna ni da su?

Takardar da ta ɗaure shi

Ba za a gane tafiyar koci ba sai an san yadda kwantiraginsa yake. A NBA yakan kasance na shekara uku zuwa biyar, kuma kuɗinsa tabbatacce ne: ko a shekarar farko aka kore shi, sai an biya shi ragowar. Wani lokaci shekarar ƙarshe takan zama zaɓin ƙungiya, in ta so ta riƙe shi, in ba ta so ba ta sake shi ba tare da biyan komai ba. Sannan albashin koci ba ya cikin iyakar albashin da gasar ta gindaya a kan 'yan wasa. Mai ƙungiya zai iya korar koci, ya ci gaba da biyansa, ya ɗauko wani, duk ba tare da hakan ya rage masa damar sayen ɗan wasa ko ɗaya ba. Ɗan wasan da aka yi kuskuren ba shi kwantiragin shekara huɗu kuwa yana nan daram a cikin lissafi, ya tsare hanya. Shi ya sa idan al'amura suka dagule koci ake fara taɓawa, ko da ba shi ne ya yi kuskuren ba. Shi ne gyaran da ya fi sauƙi.

Akwai wani sharaɗi da yawancin kwantiragin ke ɗauke da shi, wanda ke tasiri sosai a kan inda korarren koci zai nufa. Idan ya samu sabon aiki, ana cire sabon albashinsa daga bashin da yake bin tsohuwar ƙungiya. A ce yana bin ta dala miliyan 8 a shekara, sabuwar kuma ta ba shi miliyan 5, to tsohuwar miliyan 3 kawai za ta cika masa. Ma'ana, ko ya yi aiki ko ya zauna a gida, abin da zai shiga aljihunsa ɗaya ne. Irin wannan koci ba ya gaggawa. Yana iya shafe shekara yana sharhin wasa a talabijin har sai kujerar da yake so ta faɗi, kuma idan ya karɓi aiki, ba don kuɗin wannan shekarar ya karɓa ba.

Murabus kuwa akasin haka ne. Wanda ya ajiye aiki da kansa ya yi asarar ragowar kuɗinsa, kuma ƙungiyar na nan riƙe da haƙƙinsa har wa'adin kwantiragin ya cika, ba zai iya kama aiki a wata ƙungiyar gasar ba sai da izininta. Wannan ne ke haifar da kalmar nan ta fahimtar juna. Galibi ciniki ne: koci ya yafe wani ɓangare na kuɗinsa, ƙungiya ta sakar masa hanya.

Ƙungiyar da ke zawarcin kocin da ke ƙarƙashin kwantiragi dole ta fara neman izinin magana da shi. Idan ta bi ta bayan gida, laifi ne a dokar gasar. A watan Yunin 1995 Pat Riley ya aika wa New York Knicks takardar murabus ta na'urar fakis, saura shekara guda a kwantiraginsa, ya koma Miami Heat inda aka haɗa masa aikin koci da shugabancin ƙungiya da wani kaso na hannun jari. Knicks ta zargi Miami da zawarcinsa a ɓoye, aka sasanta a kan dala miliyan 1 da damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na zaɓen matasan 'yan wasa da ƙungiyoyin gasar ke yi bi da bi kowace shekara. Daga nan farashin ya zama sananne. Da Doc Rivers zai bar Boston Celtics zuwa Los Angeles Clippers a 2013, Boston ta karɓi zaɓen zagayen farko na 2015. Da Jason Kidd ya bar Brooklyn zuwa Milwaukee a 2014, zaɓe biyu na zagaye na biyu aka biya. Gasar ba ta yarda a haɗa koci da 'yan wasa a ciniki ɗaya ba, don haka diyyar ba ta wuce zaɓe ko tsabar kuɗi. Kuma ƙungiya na da ikon cewa a'a. A 2025, bayan Knicks ta sallami Tom Thibodeau, ta nemi izinin magana da Kidd a Dallas, da Ime Udoka a Houston, da Chris Finch a Minnesota, duka aka rufe mata ƙofa, daga ƙarshe ta ɗauki Mike Brown wanda ba ya ƙarƙashin kowa.

Lokacin ƙungiya daban, na koci daban

Nan ne tushen mafi yawan tafiye-tafiyen da koci ke yi da ƙafarsa. Tsarin NBA yana saka wa wanda ya sha kaye. A tsarin da aka fara a 2019, ƙungiyoyi 14 da ba su shiga wasannin neman kofi ba su ke shiga ƙuri'ar da ke tantance wanda zai fara zaɓar matasan 'yan wasa, kuma uku mafi rashin nasara kowace na da kashi 14 cikin 100 na samun zaɓen farko. Saboda haka idan taurarin ƙungiya suka tsufa, shugabanni kan yanke shawarar rushe ta: a sayar da manyan 'yan wasa a karɓi matasa da damar zaɓe, a haƙura da shan kaye shekara uku ko huɗu. Ga ƙungiya wannan dabara ce. Ga koci kuwa kowane kaye a kan sunansa ake rubuta shi, kuma adadin nasara da rashin nasara shi ne abin da za a fara dubawa ranar da zai nemi wani aiki.

Rivers ya ci kofi da Boston a 2008, kuma saura shekara uku a kwantiraginsa lokacin da ya tafi. A wannan lokacin ne Boston ta sayar da Kevin Garnett da Paul Pierce ga Brooklyn, Clippers kuma na da Chris Paul da Blake Griffin a kan ganiyarsu. Mike Budenholzer ya kai Atlanta ga nasara 60 a kakar 2014/15, amma a 2017/18 an koma nasara 24 saboda an shiga rushe-rushe. Ya nemi a sake shi, ya koma Milwaukee inda Giannis Antetokounmpo yake, ya ci wasa 60 a kakarsa ta farko, ya ɗauki kofi a 2021. Quin Snyder ya ajiye aikin Utah a Yunin 2022 bayan kaka takwas, kafin sabuwar kaka ta fara an sayar da Rudy Gobert da Donovan Mitchell. Waɗannan ba su gudu don sun gaza ba. Sun hango inda aka dosa ne suka riga shi.

Wani zai ce me ya sa ba za su daure su gina da matasan ba? Saboda tarihi bai cika yi wa mai daurewa adalci ba. Brett Brown ya jure kakar da Philadelphia ta ci wasa 10 kacal cikin 82, ya raini Joel Embiid da Ben Simmons, aka sallame shi a 2020 da ƙungiyar ta kasa wuce inda ake so. Mark Jackson ya ɗago Golden State, aka kore shi a 2014, Steve Kerr ya zo ya ci kofi a 2015. Dwane Casey ya kai Toronto ga nasara 59, aka zaɓe shi gwarzon koci na 2018, kuma kafin a miƙa masa kyautar an riga an sallame shi. Mataimakinsa Nick Nurse ne ya ɗaga kofi a shekarar da ta biyo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk kocin da ya ga wannan ya san cewa wanda aka ɗauka don gini da wanda za a ɗauka don cin kofi sau da yawa mutum biyu ne.

Wa ke da wuƙa da nama?

A ƙungiyar NBA koci ba shi ke sayen 'yan wasa ba. Aikin janar manaja ne ko shugaban sashen wasa, shi kuma yana ƙarƙashin mai ƙungiya. Koci na son gogaggen ɗan wasa da zai taimaka masa ya ci wasan gobe. Manaja na son a ba yaron da ya zaɓo minti 25 a kowane wasa ko da yana tafka kurakurai, don darajarsa ta tashi. Rigimar minti nawa wa zai buga ita ce ta fi raba kan ofis da benci. Phil Jackson ya bar Chicago Bulls a 1998 da kofi na shida a hannu, saboda zamansa da manaja Jerry Krause ya ƙi daɗi. Ya huta shekara guda, ya koma Lakers ya ci kofi uku a jere. A Denver, saɓanin Michael Malone da manaja Calvin Booth ya kai ga mai ƙungiya ya sallame su rana ɗaya a Afrilun 2025, saura wasa uku kaka ta ƙare, shekara biyu bayan sun ci kofi tare.

Sauyin shugabanci ma kan tayar da koci ko da ba a yi masa komai ba, domin sabon manaja yana son nasa mutumin. Rick Carlisle ya yi kaka 13 a Dallas, ya ci kofin 2011, amma kwana guda bayan tafiyar shugaban sashen wasa Donnie Nelson a Yunin 2021 ya miƙa takardar murabus, saura shekara biyu a kwantiraginsa. Cikin kusan mako guda ya koma Indiana. Sabon mai ƙungiya ya fi haka haɗari. Mat Ishbia ya sayi Phoenix Suns a farkon 2023, kuma a kaka uku a jere ya sallami Monty Williams, da Frank Vogel, da Budenholzer. Vogel da Budenholzer sun taɓa cin kofi a wasu wurare, Williams kuma shi ya kai Suns ɗin wasan ƙarshe a 2021.

Wannan ne ya sa wasu masu horarwa suka riƙa sauya sheƙa don a haɗa musu muƙami biyu. Kidd ya nemi a ɗora shi a kan manajan Brooklyn, aka ƙi, shi ne ya tafi. Stan Van Gundy ya karɓi Detroit a 2014 a matsayin koci kuma shugaba, Thibodeau ya samu irin haka a Minnesota a 2016, Rivers ma ya samu a Clippers. Kusan duk ba su yi armashi ba, kuma dalilin a bayyane yake. Mutumin da ke fama da wasa uku ko huɗu a mako ba shi da lokacin bin matasa a kwalejoji da Turai. Idonsa na kan nasarar yau, don haka yakan bayar da damar zaɓen gaba don ya sayo 'yan wasan da ya riga ya sani. Thibodeau ya tara tsofaffin yaransa na Chicago a Minnesota, irin su Jimmy Butler da Taj Gibson da Derrick Rose da Luol Deng. Ga kuma matsalar cewa wanda ya ƙi ƙara maka albashi da safe shi ne zai ce ka zage damtse da daddare. An karɓe muƙamin ofis daga hannun Rivers a 2017, Van Gundy ya tafi a 2018, aka kori Thibodeau a Janairun 2019. Yanzu ƙungiyoyi ba su cika bayar da wannan haɗin ba, abin da koci ke nema shi ne a riƙa jin ta bakinsa kafin a yi ciniki.

Tauraro

Mutum biyar ne a fili daga kowane ɓangare, kuma tauraro kan buga minti 35 ko fiye daga cikin 48. Babu wasan ƙungiya da mutum ɗaya ke da irin wannan nauyi a cikinsa. Idan aka zo zaɓi tsakanin ɗan wasan da ba a samun irinsa sai sau ɗaya a shekara goma da koci, an san wanda zai tattara kayansa. David Blatt ya ci kofin EuroLeague, babbar gasar ƙungiyoyin Turai, da Maccabi Tel Aviv a 2014, Cleveland ta ɗauke shi don ya raini matasa, bayan 'yan makonni LeBron James ya dawo, aikin ya zama wani abu daban da wanda ya sa hannu a kai. Blatt ya kai wasan ƙarshe a 2015, aka kore shi a Janairun 2016 yana da nasara 30 da rashin nasara 11. Adrian Griffin ma a kan nasara 30 da rashin nasara 13 Milwaukee ta sallame shi a 2024. Irin waɗannan alƙaluma na nuna ba sakamako ake dubawa ba, ana duba ko manyan 'yan wasa na jin maganarsa a ɗakin sauya kaya.

Salon wasa ma yana ciki. Mike D'Antoni ya gina Phoenix a kan gudu da jefa ƙwallo da wuri. Da aka kawo masa Shaquille O'Neal a Fabrairun 2008, mutum mai nauyi da ke son a tsaya a ba shi ƙwallo ƙarƙashin kwando, ya san ofis ya sauya ra'ayi game da tsarinsa. Kaka na ƙarewa ya koma Knicks.

To, kuɗin fa?

Yana ja, musamman idan ya kai matakin da ƙin karɓarsa zai zama wauta. Monty Williams ya yi niyyar hutawa bayan Phoenix ta sallame shi a 2023, sai Detroit ta ajiye masa dala miliyan 78.5 na shekara shida, mafi tsoka da aka taɓa ba koci a lokacin. Ya karɓa. Ƙungiyar ta sha kaye 28 a jere, ta gama da nasara 14, aka kore shi bayan kaka ɗaya yana bin ta kusan dala miliyan 65. J.B. Bickerstaff da ya gaje shi, wanda shi ma Cleveland ta sallama, ya ci wasa 44 a kakar da ta biyo. Amfanin da kwantiragin Williams ya yi na sauran masu horarwa ne, domin ya ɗaga kasuwa gaba ɗaya. Erik Spoelstra ya samu sabon kwantiragin shekara takwas na kimanin dala miliyan 120 a Miami ba tare da ya motsa ba. Wannan ma dabara ce da ya kamata a lura da ita: sau da yawa jita-jitar cewa wata ƙungiya na zawarcin koci daga wakilinsa take fitowa, don a matsa wa ƙungiyarsa ta yanzu ta tsawaita masa. Koci ba ya son shiga shekarar ƙarshe ta kwantiragi, domin 'yan wasa sun san kwanansa ya kusa ƙarewa, maganarsa ta rage nauyi.

Akwai kuma waɗanda kuɗi bai iya tayarwa ba. Dan Hurley na jami'ar Connecticut ya ƙi dala miliyan 70 na shekara shida daga Lakers a 2024. Kerr ya zaɓi Golden State a kan Knicks a 2014, kuma kusanci da iyalinsa a California na cikin dalilan da ya bayar. Kenny Atkinson ya amince da aikin Charlotte a 2022, ya sake tunani ya zauna a matsayin mataimaki a Golden State, bayan shekara biyu ya karɓi Cleveland da ta riga ta ginu.

Lamarin mataimakin koci bai da wuyar ganewa. Al'ada ce ba a hana shi zuwa ganawa idan babbar kujera ce, kuma ba ya zaɓe da yawa, duk wadda ta faɗo yakan karɓa. Becky Hammon ta yi kaka takwas tana mataimakiya a San Antonio, ta yi ta ganawa da ƙungiyoyin NBA ba a ba ta ba, ta koma Las Vegas Aces a gasar mata ta WNBA ta ci kofi a 2022 da 2023.

A Turai lissafin ya ɗan bambanta. Babu zaɓen matasa, don haka shan kaye ba ya kawo komai, kuma kasafin kuɗin ƙungiya na iya hawa ko sauka a shekara guda gwargwadon aljihun mai ita ko halin da uwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ke ciki. Koci a can yana da babbar murya wajen zaɓar 'yan wasa, shi ya sa yake bin inda kasafi yake. Šarūnas Jasikevičius ya ci gasar Sifaniya da Barcelona a 2023, ya tafi a lokacin da ƙungiyar ke tsuke bakin aljihu, ya koma Fenerbahçe ta Turkiyya ya ci EuroLeague a 2025. Ergin Ataman ya bar Anadolu Efes da kofin EuroLeague biyu, na 2021 da 2022, ya karɓi Panathinaikos ta Girka wadda ta gama ta 17 cikin 18, aka ba shi damar sake ginin ƙungiyar kusan daga tushe, ya ci kofin a 2024. Željko Obradović ya ci wannan kofi sau tara da ƙungiyoyi biyar.

Abin da ake dubawa kafin a sa hannu

Gogaggen koci ba ya fara tambayar albashi, wakilinsa ne ke wannan. Shi yana son ya san shekara nawa ta rage a kwantiragin tauraro, domin idan saura ɗaya, yana iya wayar gari a ƙungiyar da ba ita ya zo horarwa ba. Yana duba ko ƙungiyar ta riga ta sayar da damar zaɓenta na shekaru masu zuwa, da ko mai ita zai yarda ya biya harajin wuce iyakar albashi. Yana tambayar wa zai zaɓi mataimakansa, domin mataimakin da ofis ya ɗora masa yakan zama magajin da ke jira. Yana kuma so tsawon kwantiraginsa ya yi daidai da na manajan da ya ɗauke shi, kada manajan ya riga shi tafiya.

Sai sharaɗin kora bisa laifi, wanda shi kaɗai ne ke iya rushe tabbacin kuɗin nan. Larry Brown, wanda ya horar da ƙungiyoyin NBA tara, ya ci kofi da Detroit a 2004, ya kai wasan ƙarshe a 2005, suka rabu bayan an yi ta maganar yana tattaunawa da Cleveland ana tsakiyar wasannin neman kofi. Ya koma Knicks a kan kwantiragin shekara biyar, ya ci wasa 23 ya sha kaye 59, aka kore shi bayan kaka ɗaya. Knicks ta ce ya saɓa ƙa'idojin aiki, don haka ba za ta biya ragowar kusan dala miliyan 40 ba. Maganar ta je gaban kwamishinan gasar na lokacin, David Stern, aka daidaita a kan dala miliyan 18.5.